Alhassan Ɗantata: Attajirin da karayar kasuwa ba ta karya ba

A cikin shekaru 78 da Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi a duniya, sau da dama kasuwa ta rushe a kan idonsa. Ya ga yaƙin basasar Kano, ya ga zuwan Turawa da mutuwar kuɗin wuri, ya ga yunwar 1914 da faɗuwar farashi ta 1920, sannan ya ga babbar karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929. Kowace daga cikinsu ta tafi da dukiyar mutane masu yawa. Shi kuwa da Allah Ya karɓi ransa a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Yawanci idan an ambaci sunansa, dalar gyaɗa ake tunawa, ko kuma zuri'arsa. Ba a cika tsayawa a kan yadda ya riƙa karɓar fasahar zamaninsa ba, wato jirgin ruwa, jirgin ƙasa, banki da littafin akawu, balle a duba shirin da kowane matsi ya tarar da shi a ciki. Ga shugabannin kamfanonin fasaha na yau da jami'an hukumomin da ke kula da su, waɗanda suka ga koma-bayan tattalin arziki a 2016 da 2020, suka kuma ga darajar naira ta zube tun daga 2023, wannan ɓangare na rayuwarsa ne ya fi kusa da abin da ke kan teburinsu.

Maraici a Bebeji

An haifi Alhassan a 1877 a garin Bebeji da ke ƙasar Kano, cikin zuri'ar Agalawa, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne, mahaifiyarsa Amarya kuma ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Mahaifin ya rasu Alhassan yana da kimanin shekara takwas. Daga baya mahaifiyar ta koma Akra, a ƙasar Ghana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka samo laƙabin Ɗantata.

Gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. Ya yi karatun allo a Bebeji cikin halin da almajirai suka saba da shi, yana aikin ƙarfi don ya ci. Masu rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa a nan ne ya koyi ajiya a asusu, yana raba ɗan abin da ya samu gida biyu, na ci da na gobe. Da ya tasa, ya bi ayari har Akra wurin mahaifiyarsa, ita kuma maimakon ta riƙe shi cikin jin daɗi sai ta miƙa shi ga wani malami. Bayan wani lokaci ya komo gida.

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi mubaya'a, yaƙin basasa ya ɓarke har zuwa 1895. Agalawan Bebeji suna ɓangaren Tukur, wanda aka ci da yaƙi. An kashe wasu, an kama wasu, Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai daga baya suka samu 'yancinsu. Tun bai kai shekara ashirin ba, ya riga ya ga yadda gida mai dukiya ke wayi gari babu komai.

Daga jaki zuwa jirgin ruwa

Fataucin da ya gada tafiya ce ta watanni. Ayari kan tashi daga Kano da tufafi, fatu da kanwa, ya ratsa ƙasashe yana biyan fito da kuɗin hanya, ya kai kasuwannin Gwanja irin su Salaga, ya juyo da goro a kan jakuna. Goro kuwa kaya ne mai saurin lalacewa. Duk kwanan da aka ƙara a hanya, wani ɓangare na riba ne ya tafi. A ƙarshen ƙarni na 19 wannan hanya ta fara rauni. Turawan Ingila sun karya ƙarfin Ashanti a 1874, Salaga ta faɗa nata yaƙin basasar a 1892, goro kuma ya fara bin teku zuwa Legas.

Alhassan yana cikin fataken Arewa na farko da suka bi kayan zuwa inda suka koma. Wajen 1906 ya riga ya fara amfani da jirgin ruwa tsakanin Akra, Sekondi da Legas, yana sayen goro daga yankin Kumasi, yana haɗawa da duwatsun ado, tsakiya da yadudduka na Turai. Wannan zirga-zirga ta ba shi abin da manyan attajiran birnin Kano ba su da shi a lokacin: ya ji Turanci daidai na ciniki, ya yi mu'amala da kamfanonin Turawa ido da ido, ya kuma ga yadda suke rubuta shiga da fita. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ya kafa gidansa a yankin Ƙoƙi da Sarari cikin birni, inda matarsa Umma Zariya ta riƙa tafiyar masa da ciniki a tsakanin matan kulle.

Layin dogo da gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Tafiyar da a da ake yi cikin makonni zuwa bakin teku ta koma ta 'yan kwanaki. Tsofaffin hanyoyin fatake, irin wadda ta taso daga Kano ta bi ta Zariya da Keffi ta sauka Loko a bakin Binuwai, suka fara rasa ayari. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan auduga za ta riƙa tafiya masaƙun Ingila, amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana yi a jigawa, ana cin ta idan abinci ya yi wuya, ga shi kamfanonin sabulu da man girki na Turai suna nemanta ido rufe. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913.

Kamfanonin Turawa suna da sikeli da kuɗi a kusa da tashar jirgi, amma ba su san ƙauye ba, ba su kuma san wanda za a ba wa bashi ya dawo da shi ba. Wannan ilimi yana hannun fataken goro, masu yara da masu masauki a kowace kasuwa. Saboda haka kamfanoni suka riƙa ba attajiran Kano kuɗi da kaya, su kuma suna tura yaransu karkara da tufafi, gishiri da tsabar kuɗi, gyaɗa tana shigowa birni a kan jakuna da raƙuma. Daga baya Kamfanin Neja ya jawo Alhassan cikin harkar, wadda manya irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo suke ciki. Ya fi su ƙuruciya, iyalinsa da baransa ba su da yawa, jarinsa kuma nasa ne.

Sabuwar harkar ba ta jima ba ta gamu da jarrabawa. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, a shekarar kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rufe kasuwar Jamus ya kuma janye jiragen ruwa. Wanda ya zuba komai nasa a gyaɗa ya ji jiki. Alhassan bai saki goro da sauran kayan da ya saba da su ba, su ne suka riƙe shi har kasuwa ta farfaɗo.

Darasin 1920

Da aka gama yaƙi, farashin kayan gona ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kowa ya ɗauka haka za a dawwama. Cikin waɗanda suka yi wannan zato har da William Lever, mai kamfanin sabulu na Lever Brothers, ɗaya daga cikin manyan masu masana'antu na Ingila. A Janairun 1920 ya sayi Kamfanin Neja a kan kimanin fam miliyan 8, ba tare da ya sa an binciki littattafan kamfanin yadda ya kamata ba. Bayan ciniki ya faɗa sai aka gano bashin banki na kusan fam miliyan 2. Kafin shekara ta ƙare farashi ya rikito, kamfanin Lever ya kai bakin durƙushewa, sai da wani akanta mai suna Francis D'Arcy Cooper ya shiga tsakaninsa da bankuna. Shi ne kuma ya gaji shugabancin kamfanin bayan mutuwar Lever a 1925.

Wato kamfanin da Alhassan ke saya wa gyaɗa ya kusa kayar da mai shi. A Kano kuwa, zuwa 1922 Alhassan ya zarce Sharubutu da Agogo ya zama attajiri mafi ƙarfi a birnin. Lever ya fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, ya fi shi injuna da masana. Bambancin da ke tsakaninsu a wannan gaɓa shi ne ɗaya ya faɗaɗa da kuɗin aro a ranar da kasuwa ta kai ƙololuwa, ɗayan kuma ya shiga faɗuwar da abin hannunsa. A farkon shekarun 1920 ne ma ya samu sukunin zuwa aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila inda aka gabatar da shi ga Sarki George na Biyar.

Raƙuma ashirin a ƙofar banki

Labarin da ya fi shahara a rayuwarsa ya faru ne a 1929, lokacin da ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 ajiya a reshen Kano na Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na yau. Akan ba da labarin don nuna yawan dukiyarsa, amma akwai abin lura biyu a ciki. Na farko, a zamanin da attajiri ke binne kuɗi a ɗaki ko ya mayar da su dawaki da riguna, shi ya yarda da wata sabuwar hanya da za ta ba shi damar biyan kuɗi a Legas ba tare da ya ɗora buhunan sule a jirgi ba. Na biyu, shekarar da abin ya faru. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, ta ja duniya cikin karayar da ta ɗauki shekaru. Guguwar ta same shi da tsabar kuɗi a ajiye.

Karayar ta iso Kano ta hanyar sikeli. Zuwa 1934 farashin tan ɗin gyaɗa bai kai rabin na 1929 ba. Haraji kuwa da kuɗi ake biyansa, bai kuma sauka daidai da faɗuwar farashi ba, don haka manomi ya ƙara faɗin gona domin ya samu abin da a da ƙaramar gona ke ba shi. Ga farar ɗango da ta addabi Arewa a farkon shekarun 1930. Gwamnatin mulkin mallaka ta rage ma'aikata ta tsuke bakin aljihu. Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 ta hanyar haɗe Kamfanin Neja da babban abokin hamayyarsa, ya tafka asara a shekarunsa na farko har sai da Unilever ya tallafe shi da kuɗi.

Sakamakon wannan hali shi ne riba a kan kowane buhu ta ragu, yawan buhunan kuma ya ƙaru. Zuwa 1937 gyaɗar da ake fitarwa ta haura tan 300,000. Irin wannan kasuwa ba ta ɗaukar mai ƙaramin jari ko mai yawan kashe kuɗi. Tana buƙatar wanda zai iya ba da kuɗin saye tun kafin kaka, ya jira, ya tara kaya masu yawa a kan 'yar riba kaɗan. Alhassan ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya kuma ci gaba da zama babban mai saya wa UAC gyaɗa.

Abubuwan da suka riƙe shi tun kafin matsin aka gina su. Bai dogara da kaya ɗaya ba: da noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa a shekarun 1920, ya riƙa ɗauko shi ta jirgin ƙasa, yana tura shanu kudu, yana cinikin hatsi da tufafi. Wakilinsa guda a kasuwar ƙauye yana iya sayen gyaɗa da kaka, ya sayar da goro da yadi a sauran shekara, don haka babu watan da mutanensa ke zaune. Ya ɗauki akawuna da direbobi, Hausawa da Yarabawa da Ibo, yana biyan su albashi, kusa da tsohon tsarin yaran gida waɗanda ke cin abincinsa, yake kuma yi musu aure. Shi kansa an san shi da sauƙin tufafi da abinci da tsananin bin lissafi, har wasu mutanen zamaninsa suka riƙa ganin tsiminsa ya yi yawa. Amma gidan da bai saba da almubazzaranci ba, ranar tsanani ba ya buƙatar korar jama'arsa kafin ya daidaita.

Tsaransa a Amurka

A daidai waɗannan shekaru, wani tsaransa a Amurka ya bi hanya mai kama da wannan a masana'antar da daga baya ta haifi kwamfuta. Thomas Watson, wanda aka haifa a 1874 ya mutu a 1956, shi ne shugaban IBM, kamfanin na'urorin lissafi masu aiki da kati mai huji. Lokacin da wasu ke rufe masana'antu, ya bar nasa suna aiki yana tara kaya a sito, ya kuma ware dala miliyan 1 ya gina ɗakin bincike a garin Endicott, wanda aka kammala a 1933. Caca ce da ta kusa cinye kamfanin. Sai ga dokar tallafin ma'aikata ta 1935, wadda ta wajabta wa gwamnatin Amurka ajiye bayanan mutum miliyan 26. IBM ne ke da injuna da ƙwararru a shirye, shi ya samu aikin. Watson ya yi kasadar da Alhassan bai yi irinta ba, amma sun haɗu a abu guda: dukansu sun gane cewa mutanen da suka iya aikin su ne kadarar da ta fi wuyar mayarwa idan aka sake ta.

Iyakar da mulkin mallaka ya shata

Duk da ƙarfinsa, akwai ƙofar da aka hana shi shiga. A 1940 ya nemi lasisin saye da fitar da gyaɗa kai-tsaye, daidai da UAC, aka ƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwamnati ta karɓe cinikin amfanin gona, ta raba kason saye bisa abin da kowane kamfani ya saba fitarwa, tsarin da ya tabbatar wa kamfanonin Turawa matsayinsu. An kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, amma sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya zama mai lasisin sayar wa hukumar kai-tsaye. Ya jira fiye da shekara goma, yana ci gaba da aiki a ƙarƙashin waɗanda suka tare masa hanya.

Dalar gyaɗa, wadda ake danganta ƙirƙirarta da shi, ita ma amsa ce ga wata matsala. Gyaɗa na isowa Kano cikin 'yan watannin kaka, jirgin ƙasa kuma ba ya iya kwashe ta a lokaci guda, musamman bayan yaƙi da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Jera buhuna a siffar dala, har kimanin 15,000 a guda ɗaya, a lulluɓe da tamfol, ya ba da damar ajiye kaya a fili ba tare da gina sito ba, ya kuma sauƙaƙa ƙidaya. A shekarunsa na ƙarshe ya shiga harkar gine-gine, ya kuma haɗa hannu da wasu attajirai wajen kafa Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙa a Kano, domin ɗan ƙasa ya tashi daga dillanci ya shiga sarrafa kaya.

Adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi cewa tsarin da ya yi arziki a cikinsa bai yi wa kowa daɗi ba. Nauyin karayar 1930 a wuyan manomi ya fi sauka, shi da ke karɓar bashi kafin kaka ya biya da gyaɗa a farashin da ba shi ya yanka ba. Alhassan bai ƙirƙiro wannan tsari ba, bai kuma da ikon sauya farashin da ake yankewa a Landan, amma yana cikin waɗanda suka tsaya a tsakiya suka ci moriyarsa. Ya ciyar, ya kai mutane Makka, ya tallafa wa malamai. Duk da haka tambayar wa ke ɗaukar asara idan kasuwa ta faɗi tana nan, kuma ita ce ke gaban duk shugaban da ke duba jerin sunayen da za a sallama a yau.

Wasiyya da rasuwa

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Ya umarce su da su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada kuma su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Mutumin da ya ga gadon mahaifinsa ya narke bayan rabo ya san abin da yake gudu. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

'Ya'yansa sun ci gaba daga inda ya tsaya. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi ya yi fice a gyaɗa da sufuri. Mahmud ya shahara a jigilar alhazai, har unguwar Wapa ta Kano ta samo sunanta daga kamfaninsa. Aminu, wanda ya rasu a 2025, ya faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da man fetur. Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne ta wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata.

Gyaɗa ta daina zama ginshiƙin tattalin arzikin Arewa tun shekarun 1970, filayen dala sun zama gidaje da kasuwanni. Wanda ke riƙe da kamfanin fasaha ko sashen sadarwa na wata ma'aikata a yau, kayan aikinsa da dala ake sayensu, ƙwararrunsa kuma ƙasashen waje na zawarcinsu. Duk da haka shawarwarin da ke gabansa irin na Alhassan ne: nawa za a ajiye a shekarar yalwa, wace sabuwar na'ura ce ke rage tsadar aiki, wacce ce ta ado kawai, su wa za a riƙe ko da riba ta ragu. Alhassan ya amsa nasa tun kasuwa na ci, shi ya sa faɗuwarta ba ta zo masa da ba-zata ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.